Dare Ɗaya, Ciwo Daban-Daban: Yadda Tashin Hankali Ke Taɓa Jariri, Matashi da Tsoho

Idan 'yan bindiga suka afka wa gari cikin dare, gida guda ne ke gudu tare: jariri a goye, yarinya 'yar shekara bakwai riƙe da gefen zanin uwarta, saurayi ɗan sha biyar, maigida, uwargida, da kaka da ake ja da hannu. Harbi ɗaya suka ji, daji ɗaya suka kwana. Amma bayan wata shida, in ka je inda suka samu mafaka, ko a Gusau ne ko a Maiduguri ko a ƙauyukan Maraɗi, za ka tarar kowa da irin nasa ciwon. Yarinyar ta koma fitsarin kwance. Saurayin ya zama mafaɗaci, ba ya kwana gida. Uwar kullum cikin ciwon kai da faɗuwar gaba. Kakan ya rage magana, sai kallo. Jaririn kuwa, kowa cewa yake yi ai shi bai san abin da aka yi ba.

Dalilin wannan bambanci shi ne kowane mataki na rayuwa yana da aikin da yake yi, tashin hankali kuma yana sauka ne a kan aikin da ya tarar ana yi. Kamar mamakon ruwa ne a kan ginin ƙasa: ɗanyen tubali narkewa yake yi ya sauya siffa, busasshen bango ya tsage, tsohon gini kuwa tsohuwar ɓarakarsa ce ke sake buɗewa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke kuskure wa ciwon suna a kusan kowane mataki. Na yaro mu ce rigima, na matashi mu ce kangara, na uwa mu ce iskokai, na dattijo mu ce gigin tsufa. In suna ya kuskure, magani ma ya kuskure.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a jiki. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙaramin sashe da likitoci ke kira amigdala, aikinsa gadi. Da zarar ya hango haɗari sai ya sa jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol: zuciya ta hau bugu, numfashi ya yi sauri, yunwa da barci su ɗauke. Wannan rahama ce daga Allah, da ita mutum ke haura katangar da bai taɓa zaton zai iya haurawa ba. Matsala tana farawa ne idan haɗari ya wuce amma jiki ya ƙi yarda cewa ya wuce. Sai ƙarar babur a bayan gida, ko fashewar taya, ko warin hayaƙi, ya mayar da mutum cikin wancan dare kamar yanzu ake yi. Ya riƙa mafarkin abin, yana gudun duk wurin da zai tuna masa, yana zabura ko da ƙofa aka buga. Idan waɗannan alamu suka wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa, shi ne ciwon da likitoci ke kira PTSD, wanda ya shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980, bayan an ga halin da sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam suka shiga.

Ya kamata a faɗi wani abu tun da wuri, don kada a ɗauka duk wanda ya ga masifa ya lalace ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na mutanen duniya za su gamu da wani mummunan lamari a rayuwarsu, amma kashi 5.6 ne kawai daga cikinsu ke kamuwa da wannan ciwo. Mafi yawan mutane suna farfaɗowa cikin makonni, musamman in suna da dangi a kusa da abin sawa a baki. Sai dai a inda rikici ya daɗe lissafin yana sauyawa. Ƙididdigar da hukumar ta fitar a 2019 ta nuna cewa a yankunan da ake yaƙi, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga ciwon damuwa zuwa mai tsanani. A arewa maso gabashin Najeriya kaɗai, rikicin da ya ɓarke a 2009 ya raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu.

Mu koma kan jariri, wanda aka ce bai san komai ba. Gaskiya ne ba zai taɓa ba da labarin daren ba, domin sashen ƙwaƙwalwar da ke adana labari bai nuna ba tukuna. Amma sashen gadi yana aiki tun da wuri, kuma aikin jariri a shekarunsa biyu na farko shi ne ya koyi abu ɗaya: in na yi kuka, akwai mai zuwa? Amsar wannan tambaya a fuskar uwarsa yake karanta ta, da muryarta, da yadda take riƙe shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Anna Freud da Dorothy Burlingham sun kula da ƙananan yara a Landan sa'ad da Jamus ke ruwan bama-bamai a birnin. Abin da suka lura da shi ya ba mutane mamaki: rabuwa da uwa ya fi bama-baman girgiza yaran, kuma yaron da uwarsa ta natsu shi ma yakan natsu.

An sake ganin haka a Romaniya. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceaușescu a Disambar 1989, duniya ta ga gidajen marayu da aka jibge sama da yara dubu 100. Ana ba su ɗan abinci, amma babu mai ɗaukarsu, babu mai yi musu wasa. Da yawa sun daina kuka gaba ɗaya, sai jijjiga jiki a kan gado. Daga shekarar 2000 wasu masana daga Amurka suka bi diddigin yara 136 a Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyayen riƙo. Waɗanda suka samu gida kafin su cika shekara biyu sun fi saurin farfaɗowa a fahimta da shaƙuwa da mutane fiye da waɗanda suka daɗe a can.

Darasin da na ɗauka daga nan ya shafi sansanonin 'yan gudun hijirarmu kai tsaye. Ana ƙirga buhunan shinkafa da gidajen sauro, kuma dole ne a ƙirga. Amma uwar da ta ga an kashe mijinta, ta zauna tana kallon wuri ɗaya, jariri na kuka a cinyarta ba ta ma ji ba, ita ce ya kamata a fara nema. Ba don ba ta son ɗanta ba ne, ciwo ne ya riƙe ta. Wanda ya taimaki wannan uwa ya yi wa mutum biyu magani. Tun cikin ciki ma abin yake farawa, domin tsananin tashin hankali ga mai juna biyu yana ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini ko jariri marar nauyi.

Daga shekara uku zuwa wajen sha biyu, yaro ya fara fahimtar duniya, amma yana ganin komai a kansa yake juyawa. Shi ya sa yakan ɗora wa kansa laifin abin da babu hannunsa: da ban yi kuka ba da ba su gan mu ba, da na ji maganar Baba da bai fita ba. Ba zai faɗa ba sai an tambaye shi a hankali. Abin da za a gani shi ne komawa baya. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma, wanda ya daina tsotson yatsa ya koma, mai surutu ya yi shiru, mai zuwa aike shi kaɗai ya koma ƙiwa, ko banɗaki uwarsa za ta shiga sai ya bi ta. Sai ciwon ciki da ciwon kai da asibiti ba ya gano dalilinsu. Sai kuma wasa. Ka lura da yaran da suka fito daga garin da aka kai wa hari: wannan ya ɗauki kara ya rataya a kafaɗa, waɗancan su kwanta a ƙasa, a jera su, a yi "tau-tau-tau", a tashi, a sake daga farko. Wasan ba ya ƙarewa da dariya irin ta wasan yara. Maimaita shi suke yi kullum, domin ta nan ne kawai suke iya faɗin abin da bakinsu ya kasa.

Akwai wani lamari a Amurka da ya kamata duk mai ruwa da tsaki a harkar ilimi a Arewa ya sani. A Yulin 1976, a garin Chowchilla na jihar Kalifoniya, wasu mutum uku suka tare motar makaranta suka sace yara 26 da direbansu, suka binne su a cikin akwatin wata babbar mota a ƙarƙashin ƙasa. Bayan kimanin awa 16 a binne suka haƙa suka fito, babu wanda ya mutu, babu mai mummunan rauni a jiki. Aka yi murna, aka ce yara ne, za su manta. Wata likitar ƙwaƙwalwar yara, Lenore Terr, ta bi su shekaru. Bayan shekara huɗu ta tarar babu ko ɗaya cikin waɗanda ta gani da ya fita babu tabo: mafarkin firgita, tsoron duhu da mota, wasan da ke maimaita sacewar, da wani abu mai ban tausayi, wato yaro ya daina sa ran zai yi tsawon rai.

Waɗannan kwana ɗaya da 'yan awoyi suka yi a hannun masu garkuwa. Sai mu tuna ɗalibai sama da 300 na Ƙanƙara a Disambar 2020, da 'yan mata 279 na Jangebe a Fabrairun 2021, da yaran Kuriga a Maris na 2024, waɗanda suka yi kwanaki suna tafiyar ƙasa a daji da bindiga a bayansu. An sako su, an ɗauke su hoto da manyan gwamnati, an duba ƙafafunsu da suka kumbura. Aikin da ya fi wuya bayan an kashe kyamara yake farawa, kuma na shekaru ne. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ke gadin ƙofa da taga ba zai riƙe haddar da aka ba shi ba. Malami ya ga ba ya ganewa ya ce daƙiƙi ne, ya sa bulala, bulalar kuma ta tabbatar wa yaron cewa lallai babu wurin da ya tsira. Malaman boko da na allo su ne suka fi kowa zama da yaran nan, su ya kamata a fara koya wa gane waɗannan alamu.

Kada kuma a ɗauka sai an ji ƙarar bindiga. Mafi yawan abin da ke raunata yara a cikin gida yake faruwa: duka na fitar hankali, fyaɗe daga wanda aka amince da shi, ganin ana jibgar uwa, wulaƙanci a hannun riƙo. A tsakiyar shekarun 1990 likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, suka tambayi manya sama da dubu 17 a San Diego game da irin waɗannan abubuwa a ƙuruciyarsu, aka fara wallafa sakamakon a 1998. Kusan biyu cikin uku sun gamu da aƙalla ɗaya. Waɗanda suka gamu da huɗu ko fiye, haɗarin shaye-shaye da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka musu sau 4 zuwa 12, har ciwon zuciya ma ya fi yawa a cikinsu. Jikin da ya girma cikin shirin gudu kullum yana gajiya da wuri.

Matashi kuwa nasa ya fi na kowa saurin jawo masa baƙin jini. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abu kafin a yi shi, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali sashen fushi da tsoro ya riga ya kai ƙarfi. Ga shi kuma a daidai lokacin da yake neman sanin ko shi wane ne, da matsayinsa a cikin tsara. Saurayin da ya ɓuya a rumbu yana jin ana kashe mahaifinsa zai ɗauki kunya da ba ta da iyaka: ni namiji ne, me ya sa ban fito ba? Wannan kunya takan juye fushi, fushin ya juye neman fansa, kuma masu ɗaukar yara aikin ta'addanci sun san wannan ƙofa sarai. Wani kuma ƙwaya yake nema don ya samu barci, daga taramol zuwa kodin, wanda gwamnati ta hana shigo da maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018. Ba kowane mai shaye-shaye ne tashin hankali ya jefa ba, amma duk wanda zai yi wa matashin da ya fito daga yankin rikici faɗa a kan ƙwaya, ya fara tambayarsa yaushe rabonsa da barci mai daɗi.

Na 'yan mata ya fi zama a ɓoye. Wadda aka yi wa fyaɗe takan yi shiru don kare sunan gida, ta daina cin abinci, ta daina fita, wani lokaci ta riƙa faɗuwa tana sanƙarewa a makaranta. Waɗanda suka kuɓuto daga hannun Boko Haram kuwa sun tarar da ciwo na biyu a gida. Wani rahoto da UNICEF da ƙungiyar International Alert suka fitar a 2016 ya nuna yadda ake ƙyamar su a Borno, ana kiran su annoba, ana zargin 'ya'yan da suka haifa a daji da mugun jini. Binciken da aka yi a kan waɗanda suka tsira daga yaƙe-yaƙe ya sha nuna cewa tarbar da mutum ya samu bayan masifa tana cikin manyan abubuwan da ke sa ya warke ko ya ƙi warkewa. A nan laifin namu ne, mu jama'ar gari, kuma gyaransa ba ya buƙatar ko sisin gwamnati.

Babba ba ya zuwa asibiti ya ce hankalina ne ba a kwance ba. Cewa zai yi kaina, ko ƙirjina, ko zuciyata na bugawa, ko wani abu na yawo a jikina. A auna jini, a ba shi maganin maleriya da na gyambon ciki, ya dawo bayan mako biyu. Mata sun ninka maza kusan sau biyu wajen kamuwa da PTSD, galibi saboda irin cin zarafin da suka fi fuskanta. Namiji kuma wanda a da yake noma buhu ɗari yana ciyar da gida da baƙi, yau yana layin karɓar kwano, rashin wannan matsayi kan ci shi kamar harin kansa, kuma sau da yawa a kan iyali yake hucewa. A nan ne ciwon babba ke gangarowa ya zama ciwon yaro. Sojoji da 'yan sa-kai da ma'aikatan asibiti da suka kwashe gawawwaki suna cikin wannan sahu, ko da yake ba kasafai ake tuna su ba.

Tsofaffi sukan ba da mamaki, domin da yawansu sun fi matasa jure masifa, sun ga jiya sun ga yau. Amma akwai abin da ya keɓanta da su. Dattijon Maiduguri da ya ga rikicin Bulunkutu a 1982, ya ga na 2009, ya ga ambaliyar madatsar Alau a Satumbar 2024, kowane sabon tashin hankali yana tayar masa da na baya. Likitoci sun daɗe da lura da haka a tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu: mutum ya yi shekara arba'in lafiya lau, sai bayan ya yi ritaya, ko matarsa ta rasu, ko mantuwa ta fara kama shi, mafarkan su dawo. Aiki da hidimar iyali ne suka danne abin, da suka kau sai ya taso. Sannan saurayi yana iya sake gina rayuwa a sabon gari, amma ɗan saba'in da ya bar gonar gado da masallacin unguwa da kabarin iyayensa ya san da wuya ya koma. In ya yi shiru ya daina cin abinci, kada a yi saurin cewa tsufa ne. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙub (AS), wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma shi ne ya ce haƙuri mai kyau. Baƙin cikin da ya taɓa jiki ba raunin imani ba ne, kuma cewa "a yi haƙuri" bai kamata ya zama hanyar rufe wa mai ciwo baki ba.

Tsofaffin nan kuma suna iya zama magani. A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi ƙwarai a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Irin wannan tsari ya dace da mu, domin likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, mataki ne mai kyau, amma doka ba ta zama da mutum ta saurare shi. A Borno, gidauniyar Neem da Dakta Fatima Akilu ta kafa ta gwada kai masu ba da shawara har cikin unguwanni da ƙauyuka maimakon jiran mutane su zo.

A kwanakin farko bayan masifa, abin da aka tabbatar yana taimako mai sauƙi ne: wurin kwana mai aminci, abinci, haɗa mutum da danginsa, da mayar da yara makaranta da wasa da wuri. Kada a tilasta wa kowa ba da labari, kada kuma a hana shi in ya so. Yaro a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, a maimaita masa cewa ba laifinsa ba ne, kada a doke shi a kan fitsarin kwance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2013 a kan ba wanda ya shiga ɗimuwa magungunan barci irin su baliyam, domin ba sa warkar da ciwon, kuma jiki na saurin sabawa da su. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti, kamar yadda ba sa hana ɗaurin karaya.

Idan wata guda ya wuce alamu ba su ragu ba, a nemi likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, ga kuma na Dawanau a Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen. Maganin da ya fi tasiri na zama ne da ƙwararre, a bi labarin abin da ya faru daki-daki cikin natsuwa har jiki ya daina ɗaukarsa a matsayin abin da ke faruwa yanzu, kuma akwai irinsa da aka tsara musamman don yara tare da iyayensu. Wanda ya fara maganar kashe kansa, ko ya daina ci da sha, ko uwar da ta kasa kula da jaririnta, ba a jira wata guda da su, a ranar ake kai su.